Mai Cewa Mangwaro Na Yi Masa Ƙuraje Ba Iyayi Yake Yi Ba

Yau zancen mangwaro za mu yi, amma sai mun fara biyawa ta Amurka, don a can bakin zaren yake.

Akwai wani tsiro da Amurkawa ke kira foizin aibi, mu dai mu ce masa ganye-uku, tunda ganyensa uku-uku yake fitowa a kan sanda ɗaya. Wani lokaci ya yi yaɗo a ƙasa, wani lokaci ya naɗe bishiya ko shinge. Ana samun sa a galibin jihohin ƙasar da kudancin Kanada, a bakin hanya, a bayan gida, a wuraren shaƙatawa. Ba shi da ƙaya, ba shi da wari, akuya da barewa suna cin sa lafiya lau. Ɗan Adam ne ya fi shiga uku da shi. A ganyensa da saiwarsa da sandarsa akwai wani maiƙo mai suna urushiyol, sunan da ya samo asali daga urushi, bishiyar Japan da ake shafa wa akussa da kwalaye danƙonta su yi ƙyalli. Fiye da rabin manyan mutane a Amurka, idan maiƙon nan ya taɓa fatarsu, sai ta yi ja, ta kumbura, ƙuraje masu ruwa su feso a jere kamar an ja layi, da ƙaiƙayin da ke hana barci mako biyu ko uku.

Mun san tinya, mun san ƙarara. Waɗannan nan take suke nuna halinsu, kuma ba sa zaɓen mutum. Ganye-uku ba haka yake ba. Maiƙon ba ƙuna yake yi da kansa ba. Shiga yake cikin fata ya manne, sai garkuwar jiki ta ɗauke shi maƙiyi, ta riƙe kamanninsa. Ran da ya sake dawowa, sai ta far wa wurin da yaƙi, kuma yaƙin nan shi ne ƙurajen. Sai bayan awa 12 zuwa 72 abin ke bayyana. Wanda bai taɓa haɗuwa da shi ba ma yana iya kai mako biyu bai ga komai ba. Mutum ya share ciyawa ranar Asabar, ya tashi da kumburi ranar Talata, ina zai tuna da Asabar?

To ina ruwan mangwaro? A wurin masana tsirrai, ganye-uku da mangwaro da kanju 'yan gida ɗaya ne. A ɓawon mangwaro, da ganyensa, da danƙon nan da ke tsartuwa daga wuyansa idan an tsinko shi, akwai sinadarai masu kama da urushiyol ƙwarai. Garkuwar da ta riga ta ƙullaci ganye-uku ba ta tsayawa bambancewa, da ta ga ɗan uwan maƙiyinta sai ta hau shi. A shekarar 2005 wasu likitoci a Isra'ila suka wallafa labarin matasa Amurkawa 17 da suka je aikin tsinkar mangwaro a can, dukkansu suka yi ƙuraje. Ko dai sun taɓa haɗuwa da ganye-uku da ɗan uwansa na yammacin Amurka, ko kuma sun fito daga inda suke tsirowa. Abokan aikinsu 'yan ƙasar, waɗanda ba su san tsiron ba, ko ɗaya bai yi ba. Gona ɗaya, bishiya ɗaya, rana ɗaya. Kafin wannan, a 1982, mutum 54 a jihar Fensilbaniya sun yi irin waɗannan ƙuraje bayan sun ci ƙwayar kanjun da aka shigo da ita daga Mozambik, wadda ɓurɓushin kwasfarta ya saura a ciki. Wannan ba zai ba mu mamaki ba, mu da muka san yadda man ƙwallon kanju ke saɓule fatar yaro idan ana gasawa.

Abin da ya sa muka ga maganar ta shafe mu shi ne, yanzu muna da 'yan uwa da yawa a can, ɗalibai da 'yan kasuwa da masu aikin ƙarfi, daga unguwar Buronkis ta birnin Niyok har ƙananan garuruwan jami'o'i. Yaran Amurka tun suna ƙanana ake koya musu su ƙirga ganye, in uku ne su kauce. Namu ba wanda ya koya masa. Zai zauna a ciyawa ya ɗauki hoto, ko ya karɓi aikin gyaran lambu, ya sha wahalarsa ya warke ya manta. Sai ya dawo gida hutu a bazara, a ajiye masa binta siga ko fafaranda a kwano, ya sa haƙori ya ɓare kamar yadda ya saba tun yana yaro. Bayan kwana biyu leɓe ya kumbura, gefen baki ya feso, fatar ido ta yi suntum saboda ya murza da hannu.

Daga nan sai mu fara namu. Wani ya ce ya je Turai ya koyo iyayi, wai mangwaron da ya girma da shi ne yau ba ya so. Wata ta ce shawara ce, a nemo saiwa. Wani ya rage murya ya ce a dai binciki wanda ya kawo kwanon. A nan ne abin ya daina zama wasa, domin zumunci na iya tsinkewa a kan zargin sammu, alhali laifin yana jikin ɓawo. Jinkirin nan na kwana biyu shi ne ke buɗe ƙofar zato. Da ƙurajen na fitowa ne ana cikin sha, da ba wanda zai yi gardama.

Ba kuma sai mutum ya je Amurka ba. Akwai wanda mangwaron kansa ne ya koya wa garkuwarsa wannan gaba, saboda yawan hulɗa da danƙonsa: mai hawa bishiya, mai lodi a kwando, yarinyar da ke talla tire a ka. Duk shekara idan kaka ta zo hannu ya lalace, ta wuce ya warke, mu kuma mu ce zafin bazara ne. Ko da yake a yi adalci, ɗanyen danƙon mangwaro yana iya ƙona fatar kowa idan ya daɗe a kai, wannan daban ne, kuma ba ya jiran kwanaki.

Wani zai ce, to mai wannan lalura ya bar mangwaro mana a huta. Ba mu ga dalilin yanke masa wannan hukunci ba. Abin da ke ta da rigimar ya fi taruwa a ɓawo da danƙo da ɗan naman da ke manne da ɓawon, shi ya sa da yawa daga masu lalurar suke shan tsokar ciki lafiya idan wani ne ya wanke, ya fere da kauri, ya yanka musu. Abin da suke buƙata daga gare mu ke nan: a yarda da maganarsu, a ɗauki wuƙa. Ba tsotson ƙwallo, ba ɓarewa da haƙori, ba zama a gindin bishiya ana kaɗo.

Amma a kula da wani nau'in da bai da alaƙa da wannan. Idan mutum ya sha mangwaro cikin mintuna jikinsa ya yi borin jini, harshe ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya fara sarƙewa, to ba zancen fere ɓawo ba ne. Asibiti za a nufa a guje, kuma shi kam ya haƙura da mangwaro sai abin da likita ya ce.

Ga wanda maiƙon ya taɓa, na ganye-uku ne ko na mangwaro, abu na farko sabulu da ruwa mai yawa, da gaggawa, har ƙarƙashin farce, don cikin mintuna kaɗan yake fara shiga fata. A wanke tufa da takalmi da wuƙa da lauje, saboda urushiyol yana iya zama a jikin kaya fiye da shekara da ƙarfinsa. Kada a ƙona ganye-uku, hayaƙinsa yana kai maiƙon har huhu. Tsumma mai sanyi da ruwan kalamin suna rage ƙaiƙayi. Idan abin ya kama fuska ko ido ko al'aura, ko ya mamaye jiki, ko ya fara ɗurar mugunya, a ga likita, shi ya san man shafawa ko ƙwayar da za ta kwantar da garkuwar.

Ruwan da ke cikin ƙurajen kuma ba ya yaɗa cutar, ko a jikin mai ita ko ga wani. Wuraren da suka fito daga baya maiƙon ne ya taɓa su kaɗan, ko fatar wurin ta fi kauri, shi ya sa suka makara. Don haka ba dalilin ware masa kofi da tabarma, ko hana yara zuwa kusa da shi.