Lauyan Kamfani: A Zaunar Da Shi Tun Kafin A Sa Hannu

A watan Oktoban 2015 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ci kamfanin MTN tarar naira tiriliyan 1.04. Laifinsa shi ne ƙin toshe layukan waya fiye da miliyan 5 marasa cikakkiyar rajista har wa'adi ya cika, alhali ƙa'ida ta riga ta ɗora naira dubu 200 a kan kowane layi. Da ƙyar aka sasanta a kan naira biliyan 330 a 2016, bayan shugaban uwar kamfanin, Sifiso Dabengwa, ya ajiye aiki.

Lissafin bai da wuya: yawan layuka sau naira dubu 200. Irin wannan lissafi ne ake ɗaukar lauyan cikin gida domin ya ajiye shi gaban shugabanni tun wa'adi bai cika ba, ya kuma nace har sai an saurare shi.

Wannan lauya ma'aikacin kamfani ne mai albashi, kuma ba kasafai ake ganinsa a kotu ba. Yininsa a kan takardun yarjejeniya yake ƙarewa. Idan kaya suka maƙale a tashar jiragen ruwa ta Apapa, wa zai biya kuɗin jinkiri? Da naira za a biya ko da dala? Waɗanda suka ci bashin dala kafin gwamnati ta saki naira a 2023 sun san nauyin wannan tambaya. Idan rigima ta tashi, a kotun Najeriya za a warware ta, ko gaban masu sulhu a Landan? Shi ne kuma ke bin sawun dokoki, daga dokar kamfanoni ta CAMA da aka sabunta a 2020 zuwa dokar kare bayanan jama'a ta 2023, ya fayyace wa sashen talla da na kuɗi abin da suka hana da abin da suka halatta.

Sanin doka kaɗai ba ya isarsa. Dole ya san inda ribar kamfanin take fitowa, ya iya karanta takardun akanta, ya iya mayar da shafi hamsin zuwa magana uku da manaja zai gane a tsaye. Lauyan da ba shi da amsa sai "ba zai yiwu ba" zai wayi gari an daina tambayarsa, don haka gwaninta ita ce nuna hanyar da cinikin zai yiwu ba tare da an taka doka ba.

Amma abin da ya fi wuya shi ne faɗa wa mai biyanka albashi abin da ba ya son ji. A 2014 ta fito fili cewa wani lahani a makunnin motocin General Motors na Amurka yana kashe injin ana cikin tafiya, har daga baya aka danganta shi da mutuwar mutum 124. Binciken da lauya Anton Valukas ya jagoranta ya nuna cewa lauyoyin kamfanin sun daɗe suna sasanta ƙararrakin haɗurran a ɓoye, maganar ba ta kai sama ba. An kori ma'aikata 15, ciki har da lauyoyi, kamfanin kuma ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 900 a 2015.

Najeriya ma ta ɗanɗana. A 2010 Ma'aikatar Man Fetur ta ƙulla yarjejeniyar sarrafa iskar gas a Kalaba da wani kamfani mai suna P&ID. Ba a gina masana'antar ba, amma a 2017 masu sulhu a Landan suka ce Najeriya ta biya dala biliyan 6.6, kuɗin da ruwa ya kai da su wajen biliyan 11. Sai a ƙarshen 2023 alƙali Robin Knowles ya soke hukuncin, bayan ya tabbatar cewa kamfanin ya ba daraktar shari'a ta ma'aikatar cin hanci. Lauyar gwamnati ce, amma kujerar ɗaya ce: wadda aka ajiye ta tsare ƙofa ita ta buɗe ta.

A masana'antun Sharaɗa da Bompai da manyan gidajen kasuwanci na Kano, ana yawan ƙulla ciniki bisa amana da sanayya, lauya kuwa sai sammaci ya iso ake nemansa. Amana tana da daraja, sai dai banki da abokin ciniki na Sin ko Dubai abin da ke rubuce suke bi. Ƙaramin kamfanin da ba zai iya biyan albashin lauya ba yana iya ɗaukar wanda zai riƙa duba masa takardu duk wata.

Masu kamfanoni su ba lauyansu kujera a teburin shawara tun ranar da aka fara ciniki, su buɗe masa hanyar kai magana kai tsaye ga hukumar daraktoci, kuma kada gargaɗinsa ya zama sanadin korarsa.