Mu Je Haɗeja Mu Ga Tarihi da Idonmu

'Yan'uwa ɗalibai, duk shekara yawon buɗe idonmu ba ya wuce gidan zu na Kano. A ganina, bana Haɗeja ta fi cancanta.

Ranar 25 ga Afrilu, 1906, sojojin Turawan Ingila suka afka wa birnin Haɗeja, shekara uku bayan sun ci Kano. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya. Aka gwabza a cikin gari, dawakai da masu suna fuskantar bindigogi masu aman wuta, har sarkin ya faɗi tare da ɗimbin jarumansa. Shi ya sa ake kiransa Mai Shahada. Wannan a jiharmu aka yi shi, amma mu nawa ne muka taɓa tsayawa a ƙofar fadar nan?

Wasu za su ce iyayenmu ba su da kuɗi. Gaskiya ne, amma tafiyar yini ɗaya ce, babu kuɗin masauki. A tashi daga Dutse bayan sallar asuba, a dawo kafin magariba. Mu fara karo-karo tun farkon zango don mai da hayar mota. Kowa ya ɗauro guzurinsa daga gida, ko ɗanwake ko dambu, da gorar ruwa. Wanda ya kasa biya, ajinsu ya rufa masa asiri.

Muna roƙon malaman tarihi su rubuta wa masarautar Haɗeja takarda tun yanzu, don a haɗa mu da dattijon da zai zagaya da mu. Gani ya kori ji.