Filtar mai: Ɗan hakin da ke kashe injin hura ganye

Da zarar hunturu ya kama, bishiyoyin darbejiya da malaina sun fara kakkaɓe ganyensu, aikin masu share harabar manyan gidaje, otal-otal, makarantu da ma'aikatu yakan ninka.

A wurare da dama a Abuja, Kaduna da Kano, tsintsiya ta samu kishiya: injin hura ganye, wanda ake goyawa a baya ko a riƙe a hannu, ya kora busasshen ganye da iska zuwa wuri guda.

Sai dai da yawa daga cikin waɗannan injina ba sa kai shekarun da ya kamata su kai. Wanda bai daɗe da fitowa daga kwali ba sai ya fara gardamar tashi, ya riƙa shaƙewa idan an ba shi wuta, daga ƙarshe a jingine shi a sito ana cewa kayan zamani ba su da aminci.

Sau da dama abin da ya jawo haka wani ɗan abu ne da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, wanda ke kwance a cikin tankin mai, wato filtar mai. Ya kamata canza ta ya zama aikin da ake yi duk shekara, kuma kuɗinta ya fito daga aljihun mai injin.

Abin da take yi a cikin tanki

Yawancin injinan hura ganye masu amfani da fetur irin ƙaramin janareton nan ne da ake haɗa wa fetur da mai. Ba su da wani wurin zuba baƙin mai daban, don haka man 2T da aka gauraya da fetur shi ne kaɗai ke shafe fistin da silinda.

Kamfanonin Stihl, Husqvarna da Echo sun tsara a zuba kashi 1 na mai a kashi 50 na fetur, wato mililita 100 a lita 5. Wasu injinan masu araha kuwa kashi 1 a 25 suke buƙata, shi ya sa duba takardar injin ya zama dole.

Filtar tana maƙale ne a ƙarshen wani siririn tiyo mai laushi a cikin tanki. An yi ta da ɗan nauyi domin duk inda aka karkata injin, ta bi man ta nutse a cikinsa. Duk ɗigon da zai je kafireto sai ya ratsa ta, ta tare yashi, tsatsa da dauɗa.

Idan ta toshe, man da ke isa injin yakan yi kaɗan, iska ta yi yawa. Injin zai iya tashi ya yi ta aiki a hankali, amma ana matsa totur sai ya shaƙe ko ya mutu.

Babbar ɓarnar kuma ba a ganin ta da ido. Tunda man shafawa a cikin fetur yake tafiya, raguwar fetur raguwar man shafawa ce. Injin zai yi zafi fiye da ƙima, fistin ya riƙa gogar silinda har ya karce ta, daga nan sai a ji cewa inji ya buga. Ɗan hakin da aka raina shi ne ya tsone ido.

Me ya sa ta fi saurin toshewa a nan?

Kamfanin Stihl ya ba da shawarar a canza wannan filta sau ɗaya a kowane wata 12. Wanda ke aiki da injin a Arewacin Najeriya yana da dalilan da za su sa ya riƙa duba ta tun kafin wa'adin ya cika.

Na farko ƙura. Shi kansa aikin injin tayar da ƙura ne, ga ta hunturu da ke lulluɓe komai. Duk lokacin da aka buɗe murfin tanki ba tare da an goge gefensa ba, wani abu ya faɗa ciki.

Na biyu hanyar da man ke bi kafin ya iso. Ba a kai irin wannan inji gidan mai, a jarka ko gorar ruwa ake sayo masa, wani lokaci daga hannun 'yan bumburutu, a zuba da mazurarin da ya kwana a ƙasa.

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuma, babu mai son zubar da ko rabin lita. Ragowar haɗin da ya yi wata biyu a jarka sai a juye shi a tanki, alhali masu ƙera injinan na gargaɗin kada haɗin ya wuce kimanin kwana 30 a ajiye. Tsohon fetur yakan yi danƙo, danƙon ya liƙe ramukan filta.

Akwai kuma abin da filta ba ta iya tarewa. A watan Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin methanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, masu motoci da dama suka koka. Irin wannan sinadari yana ratsa filta, kuma yana lalata robar tiyo. Saboda haka mai canza filta ya duba tiyon ma, ko ya bushe ko ya tsage.

Aikin minti goma

Ba sai an nemi bakanike ba. Ana buƙatar sabuwar filta mai daidai da bakin tiyon injin, da 'yar wayar ƙarfe da aka lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya, da tsumma mai tsabta, da filaya idan akwai.

A bar injin ya huce tukuna, a fitar da shi fili nesa da wuta, babu mai shan taba a kusa. A zare hular fulogi domin kada ya tashi bisa kuskure.

A goge kewayen murfin tanki sosai kafin a buɗe, sannan a juye man da ke ciki a wani mazubi mai tsabta. Idan an ga yashi ko ruwa a ƙasan man, a ɗauraye tankin da ɗan sabon fetur. Kada a zubar da tsohon a kwata.

A zura ƙugiyar a hankali a kamo tiyon, a jawo shi har filtar ta fito ta bakin tanki. Wasu injinan tiyo biyu ne a ciki, ɗaya na mayar da mai ne, wanda ke da ɗan dunƙule a ƙarshensa shi ake nema. Kada a fizga, domin tiyon na iya tsinkewa ko ya ciro daga mazauninsa.

A riƙe tiyon da yatsa ko filaya don kada ya sulale ya koma, a murɗa tsohuwar filtar a zare. Idan akwai ɗan zoben da ya ɗaure ta, a adana shi. A tura sabuwar har ta shige sosai, a mayar da zoben, a sake ta cikin tanki, a tabbatar ta kwanta a ƙasa ba tare da tiyon ya naɗe ba.

Daga nan a zuba sabon haɗi, a mayar da hular fulogi, a danna 'yar robar jawo mai har a ga man ya cika ta, sannan a ja igiya.

Idan bayan haka injin bai daina shaƙewa ba, sai a duba filtar iska, fulogi, ƙofar numfashin tanki da ragar salansa. Dukkansu suna iya kawo irin wannan alama. Hikimar ita ce a fara da mai araha kafin a kai ga kwance kafireto.

Dabarun da ke ƙara ɓarna

Wasu za su ce ai wanke ta ake yi da fetur a mayar. Wankin kan taimaka na 'yan kwanaki, amma ƙananan ƙwayoyin dauɗa da danƙon da suka shige cikin jikinta ba sa fita. Hura ta da iska mai ƙarfi kuma na iya yaga ta, ta koma ado kawai.

Wasu masu gyara cire ta suke yi ɗungurungum, su bar tiyon haka. Nan take injin zai yi ƙara mai daɗi, mai shi ya biya yana murna. Amma ramukan cikin kafireton irin waɗannan injina ƙanana ne ƙwarai, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe su. Ga shi kuma babu nauyin da zai riƙe tiyon a cikin mai, sai ya riƙa zuƙar iska.

Akwai kuma masu murɗa kusoshin saitin kafireto domin su tilasta wa injin jan mai ta toshasshiyar filta. Wannan ɓoye ciwo ne, kuma ranar da aka sa sabuwa saitin ya riga ya rikice.

Masu cewa a koma na batir a huta ma suna da hujja, domin shi ba shi da tanki balle filta, kuma bai kai na fetur ƙara da hayaƙi ba. Birnin Washington na Amurka ya haramta amfani da na fetur tun farkon 2022, jihar Kalifoniya ma ta yi dokar daina sayar da sababbin ƙananan injinan fetur irinsa. Amma a inda wutar lantarki ba ta da tabbas kuma batir ke da tsada, na fetur ɗin da aka riga aka saya shi za a ci gaba da goyawa, kuma shi ne ke buƙatar kulawa yau.

Wa ke biyan kuɗin sakaci?

Wanda ke goya injin da wuya ya zama shi ne mai shi. Ma'aikaci ne mai ƙaramin albashi, wanda aka miƙa wa inji ba tare da takardarsa ba, ba a kuma nuna masa komai ba sai yadda ake jan igiya.

Ranar da injin ya buga, shi ake fara tuhuma da ganganci. Wani a zaftare masa albashi, wani ya koma wa tsintsiya ya share filin da aka auna da aikin inji, wani ma ya rasa aikin. Alhali ko ya lura injin na shaƙewa, ba shi ne ke da ikon fitar da kuɗin kayan gyara ba.

Masu gidaje, shugabannin makarantu da kamfanonin shara su sayi filta biyu ko uku tare da injin tun ranar farko, su sa ranar canzawa kafin shigowar hunturu, su rubuta ta a jikin bangon sito. Su ware jarka guda mai murfi da mazurari mai raga domin wannan inji kaɗai.

Su ma 'yan kasuwar da ke shigo da injinan suna da nasu alhakin. Bai dace a sayar wa mutum inji ba, sannan ya zagaye kasuwa yana neman filtarsa a ce babu. Rashin samun ta ne ke tura masu gyara ga cire ta.

Wannan magana ta shafi injin yankan katako, na yankan ciyawa da na feshin da ake goyawa, domin kusan duk irin wannan filta ce a tankinsu. Mai ɗaya daga cikinsu da bai taɓa ganin tasa ba, ya lanƙwasa waya ya leƙa tankin kafin ganye ya fara zuba.