Sharhi: Jita Mai Lantarki Da Darajar Katakon Adamawa

Tun daga watan Yunin 2023 da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, duk wani kaya da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Dalar Amurka da ake saye a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a cikin watan Fabrairun 2024. Kayan kiɗa na zamani ba su tsira ba, kuma masu kiɗan biki da ƙungiyoyin mawaƙan majami'u a Mubi da kewayenta suna cikin waɗanda abin ya shafa. Wannan ne ya sa ya dace a duba ko akwai abin da zai hana a ƙera jita mai lantarki a nan gida.

Jita mai kogon ciki ba sabon abu ba ce. Kamfanin Gibson na Amurka ya fito da samfurin ES-150 a shekarar 1936, wanda makaɗi Charlie Christian ya sa ya yi suna. Gangar jikinta akwati ne na katako: ana sassaƙa fuska da baya su ɗan yi doro, a lanƙwasa gefe da zafi da danshi, a huda ramuka biyu a fuska, sannan a haɗa da wuya. A ƙarƙashin tsarkiya ana dasa maganaɗisu wanda aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai, shi ne ke mayar da motsin tsarkiya ya zama lantarkin da ke isa lasifika. Matsalar wannan ƙira ita ce idan aka ƙure murya, kogon yakan ɗauki ƙarar lasifika ya mayar da ita ƙugi. A 1958 kamfanin ya rage wannan matsala a samfurin ES-335 ta hanyar sa dunƙulen katako a tsakiyar kogon.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa mafi yawan aikin na masassaƙi ne da kafinta. Sana'ar kuwa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki, inda aka daɗe ana sassaƙa molo da garaya, ana haɗa goge da gurmi. Marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi fice da kuntigin da ake yi da gwangwanin kifi da fatar akuya, kuma Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar, wanda yanzu yake kiɗa a manyan biranen Turai da Amurka, da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke.

Batun katako shi ne ya fi tayar da hankali. Maɗaci ɗan uwa ne na kusa ga itacen da masu ƙera jita a ƙasashen waje suke saye daga Afirka domin yin wuya da baya. Madobiya kuwa, a tsakiyar shekarun 2010 an yi ta sare ta a jihohin Taraba da Adamawa ana lodin gumagumanta zuwa ƙasar Sin, har Nijeriya ta shiga sahun gaba wajen fitar da ita. Ɓarnar ta kai ga yarjejeniyar CITES ta sa itacen cikin jerin waɗanda ake sa wa ido daga 2017, sannan aka dakatar da cinikinsa daga Nijeriya a 2018. An sayar da daji a farashin gungume, ribar sarrafawa ta tafi wata ƙasa. Gungume ɗaya da aka tsaga da kyau zai iya ba da katakon jita masu yawa, ya kuma ba mutane da dama aikin makonni.

Sai dai a faɗi gaskiya, akwai cikas. Na farko, katakon da bai bushe sosai ba yakan tsage idan hunturu ya shigo, ya kumbura da damina, don haka dole a jinginar da jari a katakon da zai daɗe a ajiye. Na biyu, jera ƙananan ƙarafan wuya lissafi ne: ana raba tsawon da ya rage da 17.817 kafin a dasa kowane ƙarfe, ta yadda na 12 zai faɗo daidai tsakiyar tsarkiya, kuma kuskure kaɗan ya isa ya ɓata sauti. Na uku, tsarkiya da maɗaurai da wayar naɗi daga waje za a ci gaba da sayo su. Na huɗu, masana'antun Sin da Indonesiya suna fitar da jita da yawan da ƙaramin kafinta ba zai iya karawa da su a farashi ba.

Saboda haka hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara da gyara. Mai gyaran jita yana koyon sirrin ƙirarta ba tare da babban jari ba, daga nan ya kai ga ƙera wa mai buƙata irin wadda yake so. Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, wadda aka kafa a 1979, da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a garin a 2002, za su iya shirya gajeren horo da zai haɗa kafinta da mai gyaran rediyo. Kasuwar ma ba ta tsaya a Mubi ba, domin garin yana bakin iyakar Kamaru, kuma fatake sun saba da hanyar tun kafin tashin hankalin 2014 da bayansa.

Jita kaɗai ba za ta farfaɗo da tattalin arzikin Adamawa ba, amma darasinta ya shafi kujeru da ƙofofi da duk abin da ake yi da katako. Ya kamata gwamnatin jiha ta sa sharaɗin dasa maɗaci da madobiya ga duk wanda ta ba izinin sara, ta kuma taimaka wa ƙungiyoyin kafintoci da rumbun busar da katako da rance mai sauƙin ruwa. Idan ba a yi haka ba, ranar da masu sana'ar za su ƙware, itacen da za su yi aiki da shi ya riga ya ƙare.