Kafin a Ɗaga Darajar Masanin Tattalin Arziki

'Yan'uwana ɗalibai, ƙungiyoyin masana tattalin arziki suna da wani matsayi na manya da ake kira felo. Ƙungiyar Masana Tattalin Arziki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1957, tana bayar da shi, shi ya sa za ku ga farfesa ya liƙa FNES a bayan sunansa. A ƙungiyar Econometric Society kuwa, wadda aka kafa a 1930, sai an gabatar da sunan mutum, sannan waɗanda suka riga shi samu su jefa ƙuri'a.

Ni dai na fi son a bar mutum ya nema da kansa. Gabatarwa takan fifita wanda manya suka sani, a manta da haziƙin malamin da ke wata ƙaramar jami'a.

Sai dai ina da ƙorafi kan abin da ake aunawa. Galibi akan duba shekarun aiki da yawan maƙalu, kusan dukkansu da Turanci. To, lokacin da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wa ya fi shan wuya? Mai faci da mai ƙosai, waɗanda ba za su taɓa buɗe mujallar masana ba. Don haka a tambayi mai nema: sau nawa ka shiga rediyo ka bayyana hauhawar farashi da Hausa ko Yarbanci ko Ibo? In ya ce kalmomin ne babu, ƙofar sashenmu a buɗe take, ya zo mu zauna mu ƙirƙiro su tare.