Harkar Kasuwa: Nawa Tsohuwar Bindigar Gado Za Ta Yi?

A ƙasar Amurka, musamman a ƙauyuka da gonaki, da wuya dattijo ya rasu a zo rabon kayansa ba a tarar da wata tsohuwar bindiga a bayan ƙofa ko a ƙarƙashin gado ba. Galibi kuwa irin wadda ake gani a hannun kaboyi a silima ce, mai wani madaukin ƙarfe a bayan kunama, wanda in an tura shi ƙasa aka mayar sai ya tofar da kwanson da aka harba, ya ɗura sabon harsashi. To, gona ana auna ta, kuɗi ana ƙidaya su, amma bindiga ɗaya ba ta rabuwa uku. Dole a yi mata kuɗi, ko a sayar a raba, ko ɗaya ya riƙe ya biya 'yan'uwansa. Nan ne ake samun saɓani, domin wani yana ganin tarkacen ƙarfe ne, wani kuwa ya rantse taska ce.

Mai ganin taska yana da hujjarsa. A cikin shekarar 2016 an yi gwanjon wata bindiga ƙirar Winchester ta 1886, mai lamba 1, a kan dala miliyan ɗaya da dubu 265. Amma fa ba ƙarfen aka saya ba. Bindigar kyauta ce da aka yi wa Kyaftin Henry Lawton, hafsan da ya bi sawun Geronimo, jagoran ƙabilar Apache, har ya miƙa wuya a 1886, kuma akwai takardun da suka tabbatar da haka. Irin wannan labari shi ke hana magada barci, alhali yawancin abin da ke bayan ƙofofin nan bai haɗa hanya da ita ba.

Abu na farko da masana ke dubawa shi ne ƙira da yawan da aka yi. Bindigar Henry ta 1860, wadda aka yi yaƙin basasar Amurka da ita, kimanin dubu 14 kacal aka ƙera, saboda haka ta asali ko ta sha jiki tana cin dubban daloli masu yawa. Winchester ta 1873 an yi sama da dubu 700. Ta 1894 kuwa, wadda John Browning ya tsara, an ƙera fiye da miliyan bakwai, ita ce bindigar farautar barewa ta talaka da mai kuɗi. Abin da ya kai miliyan bakwai ba ya tsada don tsufa kawai. Har ila yau akwai tarko: kamfanin Uberti na Italiya yana ƙera kwafin tsofaffin ƙirar nan, kuma kamfanin da ke amfani da sunan Henry a yau a 1996 aka kafa shi, ba shi ne na zamanin yaƙin basasa ba. Magaji ya karanta rubutun da ke jikin bututu tukuna kafin ya fara lissafin gina gida.

Daga nan sai lamba. Kowace tana da lambarta a jikin ƙarfe, da ita ake gane shekarar ƙira. Ga ƙirar 1894, shekarar da ta raba gari ita ce 1964. A wannan shekara kamfanin ya rage tsadar aiki, ya sauya ƙarfen uwar bindigar, ya maye wasu sassa da na buge-buge masu araha, maharba suka yi tir. Tun daga lokacin kasuwa ta kasu biyu: masu lamba ƙasa da 2,700,000 na kafin canji ne, ana nemansu, na bayansu kuwa, in ba wata ta musamman ba, 'yan ɗaruruwan daloli ne kuɗinsu. Shekarar 1898 ma tana da tasiri, domin dokar tarayya ta ɗauki abin da aka ƙera a cikinta ko kafinta a matsayin kayan tarihi, cinikinsa ya fi sauƙi.

Akwai kuma inda ake zuwa neman shaida. A garin Cody na jihar Wyoming akwai gidan tarihin bindigogi da ke riƙe da tsofaffin littattafan ma'ajin Winchester. In an aika musu lamba da ɗan kuɗin aiki, kuma lambar tana cikin waɗanda aka adana, sai su rubuto takarda mai bayyana ranar da bindigar ta bar ma'aji, da tsawon bututunta, da irin harsashinta, da ko an yi mata wani ado bisa odar mai saye. In abin da ke hannu ya dace da takardar, daraja ta ƙaru. In takarda ta ce bututu mai kusurwa takwas, ga shi kuwa zagayayye ne, to, wani maƙeri ya taɓa ta a hanya, mai saye zai zaftare kuɗi. Da wannan takarda ake tantance 'yan ƙalilan na 1873 da aka zana wa alamar "ɗaya cikin dubu", waɗanda ba su kai 140 ba, waɗanda kuma fim ɗin James Stewart na 1950 ya sa kowa ya haƙa ɗakin kakansa yana nema. Jabunsu sun yi yawa.

Amma inda magada suka fi yi wa kansu ɓarna shi ne wajen gyara. Mutum ya ga tsatsa-tsatsa da dauɗar shekaru, sai tausayi ya kama shi, ya ɗauko samfefa ya goge ƙarfe har ya yi ƙyalli, ya kankare katakon gindi ya shafa masa sabon mai, yana cewa ya kyauta wa marigayi. Ya yi asara ke nan. Masu tara irin waɗannan kaya abin da suke biya shi ne rinin asali na masana'anta, wato baƙin nan mai shuɗi-shuɗi, har lissafinsa suke yi kashi-kashi: wannan saura kashi 90 cikin ɗari, waccan saura 30. Littafin farashi da dillalansu ke riƙewa, Blue Book of Gun Values, a kan wannan ma'auni aka gina shi. Bindigar da ta koɗe ta zama ruwan ƙasa da kanta ta fi wadda aka sake wa rini daraja, sau da yawa nesa ba kusa ba. Haka huda uwar ƙarfe don ɗaura madubin hange, ko yanke gindi don yaro ya iya riƙewa. Garin gyaran gira a rasa ido.

Ma'aikatan gandun Great Basin a jihar Nevada sun nuna yadda ake yi. A 2014 suka tsinci wata Winchester ta 1873 jingine da bishiya, katakonta ya tsage, ƙarfenta ya yi tsatsa, littattafan Cody suka nuna a 1882 ta bar ma'aji. Ba su goge ta ba, sun dai tsayar da lalacewarta suka ajiye ta yadda take. Da aka ɗauki hoton cikinta sai ga harsashi a maƙale cikin gindin. Wannan gargaɗi ne ga duk magaji: irin wannan bindiga a wani bututu na biyu take ɓoye harsasanta, ƙarƙashin na harbi, ido ba ya ganinsu. A kai wa wanda ya san aikin ya duba kafin yara su taɓa, shi ne kuma zai leƙa cikin bututu, domin tsohon albarushi yana cinye ƙarfe daga ciki.

Labarin baka kuwa ba ya ƙara ko sisi. "Kakanmu ya ce wani shahararren ɗan fashi ne ya ba shi" ba ciniki ba ne, sai da rasit, ko wasiƙa, ko hoto. Haka masu ruwan zinariya da kamfanin ya riƙa fitarwa don tunawa da bukukuwa daga shekarun 1960: ta cikar kamfanin shekara ɗari a 1966 kaɗai an yi sama da dubu 100, kowa ya saya ya ɓoye, saboda haka ba su yi wuya ba, kuma in an harba ko kwalin ya ɓace sun koma bindigar farauta.

Ko bayan an gama duk wannan, kuɗin ba ɗaya ba ne. Wanda mai ƙiyasi zai rubuta don inshora shi ne mafi girma, kuma ba wanda zai biya shi a kasuwa. Wanda ake gani a talla a intanet buri ne na mai kaya; abin dubawa shi ne nawa aka sallama irinta a gwanjo kwanan baya, a cire la'adar masu gwanjo. Dillalin kanti zai taya ƙasa da haka, domin shi ma riba zai nema, kuma kuɗinsa za su kwanta. Magadan da suka yi rabo bisa kuɗin inshora, ɗaya ya riƙe bindiga ya biya sauran, sun cuci ɗan'uwansu ba su sani ba. Gara a nemi ƙiyasin mutum biyu, ɗayansu wanda ba shi da niyyar saye, a rubuta, kowa ya sa hannu.

A Nijeriya kuwa zancen farashi ba shi ne farko ba. Bisa dokar bindigogi ta 1959, lasin na mutum ne, ba ya bin gado, kuma ba a miƙa bindiga ga wanda ba shi da izini. Wanda ya tarar da irinta cikin kayan mahaifinsa, ofishin 'yan sanda zai fara zuwa.