Kafin Alhaji Ya Kai Yaro Karatun Zayyana a Guangzhou

Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Sabon Gari da ya taɓa zuwa Guangzhou saro kaya ya san Huanshi Lu. Titi ne dogo, daga wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa ya ratsa Xiaobei, inda benen Tianxiu yake da shagunansa da ofisoshin masu tura kaya Afirka, ya zarce har Garden Hotel. A nan ake kai samfur, a yi ciniki, a biya kafin alƙalami. A nan kuma ake wani aiki da mutanenmu ba su cika lura da shi ba: kafin kaya su shiga kwantena, sai wani ya zauna gaban kwamfuta ya tsara kwalin, ya zaɓi launi, ya zana tambari, ya jera haruffa. Galibi mai wannan aiki bai taɓa taka Kano ba, bai san me mace ke dubawa a jikin atamfa kafin ta ce a yanka mata turmi ba.

Shi ya sa nake goyon bayan iyayen da suka fara tunanin sa 'ya'yansu karatun zayyana. Sana'a ce, kuma da kuɗi a cikinta. Mai saye kwali yake fara gani kafin ya ga abin da ke ciki. Amma zaɓen makaranta shi ne inda ake yawan yin ɓatan kai, kuma a kansa nake so mu tsaya.

Babbar makarantar wannan fanni a garin ita ce Kwalejin Fasahar Zane ta Guangzhou. An kafa ta a Wuhan a 1953, aka koma da ita Guangzhou a 1958, kuma tana cikin manyan makarantun zane takwas da Sinawa ke alfahari da su. Tana da tsohon mazauni a Changgang cikin gundumar Haizhu, da sabo a unguwar jami'o'i da ke tsibirin Xiaoguwei a Panyu. Akwai kuma Jami'ar Fasaha ta Guangdong, wadda take da sashen zane da zayyana. Digirin farko shekara 4 ne. Suna da kyau, babu shakka. Sai dai Alhaji ya sani cewa da Sinanci ake koyarwa, kuma ana neman shaidar jarrabawar harshe ta HSK, wadda yawancin jami'o'in ƙasar ke son a kai aƙalla mataki na 4 a cikinta. A wannan fanni harshe ya fi nauyi fiye da a lissafi ko injiniya, domin rabin karatun suka ce: ɗalibi ya liƙa aikinsa a bango, malami da 'yan aji su yi ta ƙwanƙwasarsa, shi kuma ya kare kansa da baki. Yaron da Sinancinsa bai wuce na tambayar farashi ba zai zauna shiru shekara huɗu, ya dawo da takarda, hannunsa bai ƙaru da komai ba.

Sannan makarantar kirki za ta nemi ganin zanen da yaro ya riga ya yi. Wannan ma'auni ne mai kyau ga iyaye. Duk makarantar da dillali ya ce ba ta buƙatar ganin aikin yaro, kuɗi kawai da fasfo, to a guje ta. Dillalan karatu suna nan birjik, wasu na gaskiya, wasu bizar kawai suke sayarwa. Ni shawarata ita ce a shiga shafin makarantar a nemi ofishin ɗaliban waje kai tsaye. In kuma Alhaji yana garin wajen watan Yuni, ya ɗauki yini guda ya bar lissafin kwantena, ya je baje kolin ayyukan ɗaliban da ke kammalawa. Abin da ya gani a bangon nan shi ne abin da ɗansa zai iya bayan shekara huɗu, ya fi kowace takardar talla faɗin gaskiya.

Akwai wani tunani da nake ji a bakin wasu 'yan kasuwa, wai a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: yaro yana karatu, yana kuma duba lodin kaya a Xiaobei. Ban yarda da wannan ba. Bizar X1 ta karatu ce, ba lasisin kasuwanci ba ce, kuma hukumomin Sin ba sa wasa da wannan bambanci. Ban da haka, karatun zayyana yana cin dare da rana a ɗakin aiki. Daga Panyu zuwa Huanshi Lu tafiya ce mai nisa, sai an canza jirgin ƙarƙashin ƙasa. Yaro zai zo Xiaobei ya ci abincin halal, ya yi Juma'a a masallacin da ke kusa da kabarin da ake dangantawa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas, ya ga 'yan'uwa, wannan duk alheri ne. Amma kada a mai da shi yaron shago. Kuma iyaye su tambaya tun farko game da darussan tushe, domin a makarantun zane akan koyar da zana siffar mutum, kuma gara a san yadda ake yinsa kafin a biya kuɗi.

Yanzu ga inda na fi karkata. Ga mafi yawan yaranmu, maza da mata, ina ganin a fara a gida. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen zayyanar masana'antu, inda ake koyar da zayyanar bugu da ta yadi da ta tangaran. Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan harka. A can ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, suka dage cewa dabarar Bature za a ɗauka amma ido ya zama na gida. A can ne aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Yaron da ya yi shekarunsa na farko yana kallon adon bangon gidajen birnin Zariya, da aikin aska takwas a babbar riga, da dagin Arewa, da shuɗin marinar Ƙofar Mata, ya tara abin da babu malamin Guangzhou da zai ba shi.

Abin da Guangzhou ke da shi, wanda mu ba mu da shi, masana'antu ne a bakin ƙofa. Foshan da Dongguan da Shenzhen duk maƙwabta ne, kuma tun 2008 UNESCO ta sa Shenzhen cikin biranen zayyana. A can ɗalibi zai ga yadda launin da ya zaɓa a kwamfuta ke sauyawa in ya hau kwali ko leda ko yadi, ya koyi nauyin takarda da yankan kwali da abin da kowanne ke ci na kuɗi. Wannan ilimi ya fi amfanar wanda ya riga ya iya zane, ya je digiri na biyu bayan shekara guda ta harshe. Kuɗin ma ya fi sauƙi a kan uba, shekara uku ko huɗu maimakon biyar.

In an zo tantance makaranta, a nan ko a can, a tambaya ko suna koyar da ƙirar haruffa. Har yau nau'o'in haruffa da yawa a kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, shi ya sa za ka ga allon talla ko kwalin magani da Hausa an cire lanƙwasa, ko an aro harafin daga wani nau'i ya fito daban a tsakiyar kalma. Ajami ma haka yake jiran mai tsara shi da kyau. Sinawa sun daɗe suna fama da tsara dubban alamomin rubutunsu, don haka malamansu za su fahimci ɗalibin da ya kawo musu wannan matsala a matsayin aikin kammala karatunsa.